Zuga Ko Ƙarfafa Gwiwa: Ina Haƙƙin Yaro A Bakin Koci?

A wannan fitowa muna so mu duba wata mas'ala wadda ba a cika kawo ta a wurin wa'azi ba, alhali kuwa da wuya a sami gida a zongo da ba ta shafa ba. Mas'alar ita ce: shin ya dace mai horar da 'yan wasa, wato koci, ya yi amfani da kowace irin magana, zagi ne, ko gori, ko alkawarin da ya san ba zai cika ba, matuƙar dai maganar za ta sa yaransa su tashi su ci wasa? Ko kuwa akwai wani haƙƙi na yaron da ya rataya a wuyan kocin, wanda cin wasa ba ya sauke shi?

Abin da ya ta da wannan tambaya sananne ne ga duk mai bin ƙwallon ƙafa. Ranar Talata 22 ga Nuwamba 2022, a filin Lusail na ƙasar Katar, Saudiyya ta kara da Ajantina a gasar cin kofin duniya. Ajantina ta zo da wasa 36 a jere ba a doke ta ba, kuma minti goma da farawa Messi ya ci da bugun fenariti. Kafin a tafi hutun rabin lokaci sun sake jefa ƙwallo a raga har sau uku, ana sokewa saboda satar gida. A ɗakin sauya kaya kocin Saudiyya, Bafaranshe Hervé Renard, ya tsaya a kan 'yan wasansa yana ta faɗa, tafinta yana mayarwa da Larabci da irin zafin da aka faɗa. Ya yi musu gori cewa sun tsaya kallon Messi yana yawo da ƙwallo a tsakiyar fili, in hoto suke so su ɗauka da shi to su ɗauko wayoyinsu. Da aka dawo, a minti na 48 Saleh al-Shehri ya farke, a minti na 53 Salem al-Dawsari ya ƙara, aka tashi 2 da 1. Sarki Salman ya ba ma'aikata da ɗalibai hutu washegari a faɗin ƙasar, saboda haka yaran unguwar Khalidiyya ta Madina (Madinar Manzon Allah nake nufi, ba tamu ta Ankara ba) suka kwana da sanin gobe babu makaranta. Bidiyon faɗan nan kuwa ya zaga duniya, daga unguwannin Madina har Nima da Aboabo, kuma masu koyar da yara da yawa darasi guda suka ɗauka daga ciki, wai in kana son yaro ya yi gudu to ka kunyata shi.

Da gangan na kafa maganar a Madina. Yaron da ya tashi a Khalidiyya yana buga ƙwallon unguwa, burinsa na farko shi ne ya sa rigar ɗaya daga cikin manyan kulob biyu na garin, Uhud wadda aka kafa a 1936, ko Ansar ta 1953. Da yawa daga cikin waɗanda suka sa rigunan nan jikokin alhazanmu ne na Afirka ta Yamma da suka je sauke farali suka zauna, shi ya sa za ka ji sunayen Hausawi da Fallata da Barnawi a filayen Saudiyya. Hamza Idris Fallata yana ɗan wasan Uhud aka tafi da shi gasar kofin duniya ta 1994 a Amurka, daga baya ya koma Ittihad ta Jidda inda ya ci ƙwallo 33 a kakar 1999 zuwa 2000, adadin da aka yi kusan shekara 20 ba wanda ya wuce shi a gasar ƙasar. Wato dai yaran can da yaranmu na nan jini ɗaya ne, matsalarsu ma ɗaya. Dalili na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne a wannan gari ne Manzon Allah (SAW) ya shirya sukuwar dawaki, ya tsaya a kan masu gasar harbi, ya tantance samari. Ba muna kiransa koci ba ne, matsayinsa ya wuce nan nesa. Amma yadda ya yi magana da masu gasa yana nan a rubuce cikin Bukhari da Muslim da littattafan Sira, kuma abin mamaki ne mu bar shi mu tafi koyon tarbiyya daga bidiyo na minti biyu.

Bahaushe ya daɗe da sanin abin da ake kira zuga. A filin dambe makaɗi yana kiran sunan ɗan dambe da na ubansa da na garinsu, yana tuna masa waɗanda ya kayar, har sai tsikar jikinsa ta tashi ya fito yana kirari yana neman wanda ya fi ƙarfinsa. A gayya ma haka ne, ganga tana sa saurayi ya yi noman da ba zai iya yi shi kaɗai a gonarsa ba. Babu mai musun cewa zuga tana aiki. Sai dai makaɗi ba shi ke shan naushi ba. In an kai ɗan damben ƙasa, makaɗi ya riga ya karɓi kyautarsa, gobe kuma zai yi wa wani kiɗa. Wannan shi ne abin da Hausawa suke kira ingiza mai kantu ruwa: kana bakin gaɓa kana cewa shiga, shi kuwa gishirinsa ne zai narke. Koci bai kamata ya zama makaɗi ba, domin iyaye sun danƙa masa yaro amana, zai gan shi gobe da jibi da shekara mai zuwa, kuma duk abin da maganarsa ta shuka a zuciyar yaron yana nan bayan an hura usur na ƙarshe. A nan ne zuga ta rabu da ƙarfafa gwiwa. Mai zuga wasan yau kawai yake kallo. Mai ƙarfafa gwiwa yana kallon wasan yau, yana kuma kallon mutumin da yaron zai zama.

Mu koma kan bidiyon, domin waɗanda suka kwaikwaye shi rabinsa suka gani. Renard ya karɓi Saudiyya tun 2019, wato ya shekara uku tare da mutanen nan. Dukansu magidanta ne ko manyan samari masu albashi, dukansu a gasar cikin gida suke wasa, sun san juna. Tarkon satar gidan da ya soke ƙwallayen Ajantina uku ba a ɗakin sauya kaya aka ƙirƙiro shi ba, an yi ta maimaita shi a filin atisaye, don ba a fafe gora ranar tafiya. Sa'an nan in ka saurara da kyau, abin da suka aikata ya zarga, wato tsayawa kallo, ya gaya musu abin da za su yi maimakon haka, ya kuma tambaye su ko ba su ji a jikinsu cewa za su iya farkewa ba. Bai zagi uwar kowa ba, bai ce da kowa ba zai taɓa zama komai ba. Duk da haka, kwana huɗu bayan nan Folan ta ci su 2 da nema, Meziko ta ci su 2 da 1, suka ƙare a ƙarshen rukuni suka koma gida, Ajantina kuwa ta ɗauki kofin. Ba ina cewa faɗan ne ya jawo haka ba. Ina cewa zafin magana yana iya fito da abin da yake cikin ƙafa na minti 45, amma ba ya ƙara mata abin da horo bai zuba ba.

Mu mutanen Gana mun san wani gefe na wannan mutum, kuma da ciwo muka san shi. Ya yi mataimakin Claude Le Roy a Black Stars lokacin gasar Afirka ta 2008 da aka yi a nan gida. A 2012 ya fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe yana kocin Zambiya, kuma kafin wasan ƙarshe a Libarabil 'yan wasansa suka je bakin tekun da jirgin tawagar ƙasarsu ya faɗa a 1993, inda 'yan wasa 18 suka rasu. Da suka ci kofin, an gan shi ya sungumi Joseph Musonda, wanda ya ji rauni tun farkon wasa, ya kai shi cikin 'yan'uwansa don kada murna ta wuce shi. A 2015 kuma, da Kodebuwa ta doke mu 9 da 8 a bugun fenariti, shi ne ya je ya rungumi André Ayew yana kuka yana ba shi haƙuri, alhali ɗan wasan abokan hamayya ne. Mutumin da 'yan wasa suka san zai ɗauke su a hannu ranar rauni, in ya daka musu tsawa za su ji ta da wani kunne dabam. Kocin da ya kwaikwayi tsawar bai kwaikwayi sungumar ba, kwalba ya ɗauka ya bar maganin.

To yaya aka yi a Madina? Abdullahi ɗan Umar (RA) ya ba da labarin sukuwar da Annabi (SAW) ya shirya, kuma shi kansa yana cikin mahaya. Dawakin da aka yi wa horo na musamman, wato aka ciyar da su suka yi ƙiba, sa'an nan aka rage musu abinci aka lulluɓe su suka yi gumi har jikinsu ya ɗaure, an sa su gudu daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tafiyar mil biyar zuwa bakwai bisa saɓanin masu ruwaya. Waɗanda ba a yi musu wannan horo ba, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ kawai aka sa musu, kimanin mil guda. Ka duba, ya ɗan'uwa. Ba a ce a haɗa su duka a tsananta bulala ga wanda ya gaza ba. An auna wa kowane doki nisan da zai iya. In dabba ta sami wannan adalci, ina ga ɗan mutum mai shekara 13 da ya zo atisaye da kokon safe kawai a cikinsa, ana zaginsa don bai yi gudun ɗan shekara 18 ba? Rabin abin da muke kira ragwanci a filayen kolts rashin awo ne daga wurin koci.

Wata rana kuma ya wuce wasu mutanen ƙabilar Aslam sun kasu biyu suna gasar harbin kibiya. Ya ƙarfafa su, ya tuna musu cewa kakansu Annabi Isma'ila (AS) maharbi ne, sa'an nan ya ce yana tare da ɓangare guda. Nan take ɗaya ɓangaren suka sauke bakunansu. Da ya tambaye su dalili suka ce yaya za su yi harbi alhali yana tare da waɗancan, sai ya ce su ci gaba, yana tare da su gaba ɗaya. Salamatu ɗan Akwa'u (RA) ne ya ruwaito. Na daɗe ina juya wannan labari, domin ya nuna abin da kowane ɗan benci ya sani kuma koci yakan manta: da zarar yaro ya gane zuciyar babba tana wajen wani, hannunsa ya mutu. A yawancin ƙungiyoyinmu akwai yaro ɗaya ko biyu da koci yake gani a matsayin jarinsa, su ake saya wa takalmi, su ake yi wa uzuri in sun makara, saura kuwa cikon fili ne. Sa'an nan ranar wasa a tara su a ce a mutu tare. Yara ba wawaye ba ne. Wanda aka nuna masa duk mako cewa ba a tare da shi, ba zai yarda da huɗubar ranar Asabar ba.

Kada wani ya ɗauka ƙarfafa gwiwa shi ne a yi ta yabon yaro ko da bai yi abin yabo ba. Wannan ma ƙarya ce, kuma yaro yakan gane ta da wuri. Shi Ibnu Umar ɗin nan ya gabatar da kansa ranar Uhudu yana ɗan shekara 14 aka mayar da shi gida, sai a yaƙin Handaƙ yana da 15 aka karɓe shi. Malaman Sira sun kawo cewa Rafi'u ɗan Khadij an karɓe shi ne don an shaida ya iya harbi, Samuratu ɗan Jundub kuma aka karɓe shi don an tabbatar yana kayar da Rafi'u a kokawa. Wato an gaya wa kowa gaskiyar matsayinsa, kuma an bar ƙofa a buɗe ga wanda zai kawo hujja. In an zo gyara kuma, a dubi yadda aka yi wa Abu Bakrata (RA) da ya yi ruku'u tun bai isa sahu ba don gudun kada raka'a ta wuce shi: an yi masa addu'ar Allah Ya ƙara masa himma, sa'an nan aka ce kada ya sake. An raba himmar da kuskuren, aka riƙe ɗaya aka jefar da ɗaya. Ɗan bayan da ya fito da gudu ya tare ƙwallo ya kuskure har aka ci, himma ce ta fito da shi, lissafi ne ya gaza. In ka zage shi gaba ɗaya, gobe ba zai fito ba sam, ka kashe abin da ya fi wuyar koyarwa don ka gyara abin da ya fi sauƙi.

Masu bincike na zamani sun zo sun auna wannan da alƙaluma. Wasu malamai biyu na Jami'ar Washington a Amurka, Ronald Smith da Frank Smoll, sun fara tun shekarun 1970 suna zama a gefen fili suna rubuta duk abin da kocin yara ya faɗa a wasan besbol. Daga baya suka koya wa wasu kocin su riƙa yaba ƙoƙari, su yi gyara ba tare da wulaƙanci ba, suka bar wasu yadda suke. A sakamakon da aka buga a 1992, yaran da suka daina wasa a shekara ta gaba kashi 5 cikin 100 ne a hannun kocin da aka koya wa, a hannun sauran kuwa kashi 26. A Amurka yaron da ya bar besbol wataƙila wani wasan zai koma. A zongo ina yake komawa? Mun san amsa. Bes yake komawa, ya zauna daga hantsi har dare, inda tiramol da wiwi suke jiransa. Saboda haka kocin da ya kori yara biyar da bakinsa don ya ci kofin unguwa, a lissafa masa kofin, a kuma lissafa masa yaran biyar.

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, kuma maganarsu tana da ƙarfi. Za su ce yaran zongo ba a tafiyar da su da lallashi, mu ma da bulala muka yi karatun allo, kuma duniyar ƙwallo ba ta da tausayi, gara yaro ya saba da zafi tun a gida. Gaskiya ne akwai wurin da tsanani yake da amfani. Annabi (SAW) ya yi fushi da Mu'azu ɗan Jabal (RA) da ya tsawaita wa mutane salla har wani ya fice daga sahu, kuma ya tsawata masa da kakkausar murya. Amma Mu'azun nan shi ne wanda Annabi ya riƙe hannunsa ya rantse masa cewa yana ƙaunarsa, shi ne kuma ya aika Yaman ya koyar da mutane. Tsawar ta sauka a kan aiki guda, daga bakin wanda ba a shakkar ƙaunarsa. Abin da muke ji a filayenmu dabam ne: a kira yaro da sunan dabba, a ambaci uwarsa, a yi masa gorin talaucin gidansu ko ƙabilarsa, a laƙaba masa sunan da zai bi shi har ya yi aure. Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, kuma ban ga inda aka cire filin ƙwallo daga wannan hani ba. Mu kuma yi wa kanmu adalci, yawancin ihun da koci yake yi a gefen fili ba dabara ba ce, fushinsa ne ya fi ƙarfinsa. Hadisi ya bayyana cewa ƙarfi na gaskiya yana wurin mai mallakar kansa lokacin fushi, fiye da mai kayar da mutane a kokawa. Wanda bai iya riƙe harshensa na minti 90 ba, da wane baki zai ce wa ɗan shekara 15 ya riƙe ƙafarsa kada ya rama duka?

Akwai nau'in zuga da ya fi zagi haɗari, domin shi da daɗi yake shiga, wato alkawarin Turai. Kwana shida bayan wasan Lusail, Mohammed Kudus ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu, Nima ta ɗauki sowa. Yaron ya fito daga ƙungiyar Strong Tower, ya bi ta makarantar Right to Dream, ya je Denmak a 2018, Ajax a 2020, sa'an nan Ingila a 2023. Allah Ya ƙara masa albarka. Amma yara nawa suka ci ƙurar filin Kawukudi tare da shi? Kocin da yake gaya wa kowane yaro cewa shi ne Kudus na gobe ya san lissafin ba zai fita ba. Yaron zai yi gudu kam, zai kuma bar makarantar boko da ta Islamiyya da koyon sana'a, a rage masa shekaru a takarda, uwarsa ta sayar da abin da ta mallaka a ba wani dillali. Ranar da ya kai 24 babu Turai babu sana'a, kocin yana can da sababbin yara yana maimaita musu maganar. Haka nan wanda yake kai yara wurin boka, ko ya binne wani abu a bakin raga, ya ce don su sami ƙarfin zuciya ne kawai. Ƙarfin zuciyar da aka saya da tauhidin yaro ya yi tsada da yawa, kuma ranar da aka ci su duk da layar, ba zai koma ya gyara bugunsa ba, wani bokan zai nema.

Inda ake gane koci na ƙwarai dai shi ne ranar da aka sha kashi, don ranar nasara kowa ma ya iya magana. Annabi (SAW) yana da taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa tsere mata ba. Wani Balaraben ƙauye ya zo a kan ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa Musulmi ciwo har ya bayyana a fuskokinsu. Mai taguwar kuwa bai ce an yi maguɗi ba, bai nemi a sake ba, sai ya sanar da su cewa sunnar Allah ce babu abin da zai ɗaukaka a duniya face wata rana an sauke shi. Anas (RA) ne ya ruwaito. Mu da muke jifan alƙalin wasa da duwatsu a gasar azumi, da bakin da bai daɗe da buɗa-baki ba, ya kamata mu ji kunyar wannan labari.

Sunan kulob ɗin Madina ma abin tunani ne. Dutsen Uhudu ba wurin da Musulmi suka yi gagarumar nasara ba ne. A watan Shawwal na shekara ta 3 bayan Hijira an ajiye maharba 50 a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubair (RA), aka ce kada su bar wurin ko me suka gani. Mafi yawansu suka sauka, Khalid ɗan Walid, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da dawakai ta baya, aka kashe sahabbai kimanin 70, cikinsu har da Hamza (RA), aka ji wa Annabi (SAW) rauni a fuska. Yaƙi ba wasa ba ne, kuma Allah Ya tsare mu da daidaita jinin shahidai da ƙwallo. Na kawo shi ne don babu saɓa umarnin da wani ɗan wasa zai yi wanda zai kai ko ƙurar wannan. Amma aya ta 159 ta Suratu Ali Imrana, wadda take cikin ayoyin da suka sauka a kan Uhudu, tausasawar Annabi ga mutanen nan ta yaba, ta bayyana cewa kaushin hali da ya watsa su, ta kuma umarce shi da yafe musu da ci gaba da shawara da su.

Washegarin yaƙin aka yi shelar a fita bin sawun Ƙuraishawa, aka kuma ce ba mai fita sai wanda ya halarci yaƙin jiya. Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya nemi izini na musamman aka ba shi, domin mahaifinsa ne ya bar shi ya kula da 'yan'uwansa mata. Sauran duk mutanen jiya ne, da raunukansu, wasu suna jingina da wasu, suka tafi har Hamra'ul Asad, kimanin mil 8 daga Madina, suka yi kwana uku a can. Ba a nemo sababbin mutane an ce waɗannan sun ba da kunya ba. Kocin da golansa ya saki ƙwallo mai sauƙi ranar Lahadi har aka fitar da ƙungiya daga gasa, ranar Litinin yaron zai zo fili a makare, in ma ya zo, yana tafe yana kallon ƙasa, ya tsaya nesa da raga yana jira ya ga ko za a miƙa wa wani safar hannun.